Kason Wanda Ya Taɓa Igiya

Doña Herminda ba don kyau ta zaɓi Punta Lora ba. Ɗiyarta Yolima ta yi ta nuna mata garuruwan bakin teku a waya, masu dogayen otal da kiɗa da cunkoso, ita kuwa sai girgiza kai take yi, har aka zo kan namu: layi ɗaya na gidajen katako, ƙaramar coci, itatuwan kwakwa, da wani kare da ya miƙe ƙafa a tsakiyar hanya.

Ta ce, "Wannan."

Yolima ta ce, "Haba Mama, nan fa ko kantin magani na kirki babu."

"Babu kuma mai kallon babanki."

Mijinta Don Parmenio ya kwashe ƙuruciyarsa da tsufansa yana jan babbar motar fasinja tsakanin Sogamoso da Bogotá, can kan tudu inda sanyi ke sa mutane magana ƙasa-ƙasa. Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo, ko da yake sai da sanda. Hannun kuma likita ya ce da sauran rai a cikinsa in dai zai riƙa aiki da shi, in ya bar shi a haka zai ƙandare ya zama itace. Don Parmenio ya ji, ya cusa hannun a aljihun riga, ya saki labulen taga, ya daina fita. Abokansa direbobi suka yi ta sintiri har suka gaji, don ya ce gara ya mutu da a zo ana langaɓe masa kai ana cewa sannu. Herminda ce ke ɓalla masa maɓalli, ita ke yanka masa nama a faranti. Tsoronta guda ɗaya ne, kuma da shi take kwana da shi take tashi: kada hannun nan ya mutu a aljihu, mai hannun ya bi shi.

Sai ta yi lissafi cewa a garin da ba wanda ya san shi da lafiyarsa, ba wanda zai ji tausayin abin da ya rasa, wataƙila ya fito da hannun ya sha iska. Lissafin mutanen birni ke nan. Ba su san cewa garin da ba kowa shi ne garin da kowa ke kallonka ba. Kafin a gama shigar musu da jakunkuna ɗakin da suka kama a ƙarshen layi, duk Punta Lora ta ji cewa 'yan tudu biyu sun sauka, mijin yana sa safa a cikin silifa, kuma sun zo bakin teku da bargon ulu.

Don Parmenio ya ja kujerar roba zuwa bayan ɗakin, ya juya wa teku baya, ya zauna yana kallon kaji. Herminda ta kawo masa shinkafar kwakwa da soyayyen kifi da agada, wato babbar ayabar suya. Ya ɗanɗana, ya ture farantin, ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin inda ake zuba wa shinkafa zaƙi ba. Ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito tana yaba iskar garin.

Da ƙyar da jiɓin goshi ta shawo kansa wata safiya. Ta ce, "Maigida, tashi mu taka bakin ruwa. Da sassafe ba kowa, na rantse maka."

Rantsuwar baƙo ce. Sassafe shi ne lokacin jan taru, babbar ragar kamun kifi. Suna zagaya wani dutse sai ga rabin gari a kan yashi. Kwalekwale ya riga ya kai tarun cikin ruwa ya zagayo, igiyoyinsa biyu sun fito tudu, kowace da layin mutane, maza da mata, sun jingina baya suna ja da baya-baya, wanda ya kai ƙarshe ya saki ya koma gaba ya sake kamawa. Don Parmenio ya ja ya tsaya, ya harari matarsa, ya juya zai koma. Juyawar ce ta jawo. Sandar ta nutse a jiƙaƙƙen yashi, ruwa ya zo ya zare ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya tafi luu zai kifa. Hannun dama na kan sanda. Sai na hagu ya fito daga aljihu, ba da shawarar kowa ba, ya cafke igiyar da ke wucewa ta gefensa.

Herminda ta gani da idonta. Yatsun sun rufe. Igiyar ta ja shi taku kaɗan tare da sauran mutane kafin ya sami tsayuwa, ya saki kamar ya taɓa garwashi, ya mayar da hannun inda yake. Amma ta san mijinta, sai ta haɗiye murnarta.

Ranar tarun ya fito dam. Mai shi, Niña Dominga, ta tsaya a kan tsibin kifin tana rabo. A nan ko mace ta yi tattaɓa-kunne Niña ake ce mata, wato yarinya, ita kuwa Dominga ta gaji tarun ne daga mijinta, ta gaji bakin daga uwarta. Ta ware na taru, ta ware na kwalekwale, ta bi masu ja ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗago wani kifi mai tsawon kamu ta wutsiya, ta tako har inda baƙin suke.

"Ɗan tudu, ungo naka."

Don Parmenio ya ɗan rusuna irin na mutanensu. "Allah ya saka da alheri, ranki ya daɗe. Ba mu da bukata."

"Wa ya tambaye ka bukata? Kasonka ne. Ka taɓa igiya."

"Ni ban ja ba. Faɗuwa zan yi na riƙe."

"Igiya ba ta tambayar dalili, Baba. Karɓi in koma, ƙudaje na jira na."

Shi abin da ya gani daban. Ya ga mutane sun yi cirko-cirko suna kallo, ya ga tsohuwa tana miƙa wa nakasasshe sadaka a bainar jama'a. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce, "Ban fara bara ba tukuna."

Herminda ta so ta gyara, sai ta ɓata. Ta buɗe jaka ta ce to a bari ta biya kuɗin kifin. Niña Dominga ta dubi jakar, ta dubi mai jakar, ta sunkuya ta ajiye kifin a kan yashi a gabansu, ta juya. Ba wanda ya taɓa shi. A nan ya kwanta har ungulu suka sauko.

Washegari tarun ya fito da ciyawar ruwa da takalmin roba ƙafa ɗaya. Washegarin ma haka. Aka canza wuri, aka canza lokaci, aka kai kyandir coci, shiru kamar an aiki bawa garinsu. To, a Punta Lora ko jariri ya san hukuncin: duk wanda hannunsa ya taɓa igiya yana da kaso, in kuwa ya tafi ya bar kason a ƙasa, tarun ya yi gishiri, kifi ba zai sake shigarsa ba sai an warware. Gaskiya ne iska ma ta juya a makon nan, ruwa ya yi garau, kuma kifi ba wawa ba ne. Amma iska ba ta da ƙofar da za a je a buga, ɗan tudu kuwa yana da ita.

Herminda ta fara gani a gaisuwa. Waɗanda ke ɗaga mata hannu suka koma duban sama in ta wuce. Ta je wurin mai abinci, matar ta dangwara mata ƙwai da agada. Ta ce kifi fa? Matar ta ce, "Je ki tambayi mijinki." Ta dawo, ta jawo jaka daga ƙarƙashin gado ta fara ninke kaya. Ta kawo mijinta inda za a ƙyale shi, ga shi ta jawo masa baƙin jinin gari guda. Ta ji haushin kanta, ta ji haushin Yolima da wayarta, ta ji haushin tekun ma.

Tana cikin ninkewa ta ji ana buga ƙofar baya. Niña Dominga ce da rana tsaka, ta ɗora tawul a ka, ɗanta Argemiro na biye da ita, wani ƙato mai furfura wanda shi ke jagorantar masu ja. Ba ta jira an ba ta kujera ba. Ta tsaya a gaban Don Parmenio, tsakaninsa da kajinsa, ta riƙe ƙugu.

"Ɗan tudu, hutu ya yi daɗi?"

Herminda ta yi wuf ta fito. "Lafiya lau, ranki ya daɗe, mun gode. Gobe ma za mu..."

"Shi nake tambaya. Ko bakin ma ya shanye ne?"

Herminda ta dafe ƙirji. Rabon da wani ya yi wa mijinta magana haka tun yana da lafiya. Ta ce, "Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah, mutumin nan ba shi da lafiya."

"Taruna ma ba shi da lafiya. Shi yana da mai dafa masa, taruna gidaje nawa yake ciyarwa? Ka zo garin mutane shan iska, ka sha, ba mu hana ka ba. Ka kama mana igiya, ka wulaƙanta kasonka, ungulu suka ci, yanzu jikokina ƙwai suke ci kamar 'ya'yan likita. Ka zauna nan kana gadin kaji, ko a jikinka."

Don Parmenio ya ɗago kai. Muryarsa ta fito a shaƙe, don ta daɗe ba ta yi aiki ba. "Wannan ai camfi ne."

"Au, camfi? An ce direba ne kai."

"Direba ne. Ban taɓa kashe ko kaza ba."

"To mai gaskiya, me ka rataya a madubin motarka?"

Ya mayar da ido kan kaji.

Argemiro ya juya ga Herminda ya ce, "Doña, me ya rataya?"

Herminda ba ta so ta faɗa ba, bakinta ne ya riga ta. "Takalmin Yolima na jarirantaka. Da hoton Budurwa Maryamu."

"Ran da ya manta takalmin fa?"

"Ya juyo da mota cike da fasinja tun daga bayan gari."

Argemiro ya kwashe da dariya har da dukan cinya. Niña Dominga ko murmushi. Ta ce, "Naka addini, nawa camfi. Allah ya kyauta."

Don Parmenio ya doka sandarsa a ƙasa, kaji suka watse. "To me kike so in yi miki? In shiga ruwa in koro miki kifin?"

"Gobe da sassafe ka zo ka ja, ka ɗauki kasonka, ka kai shi gida da hannunka, ka ci."

"Hannu ɗaya gare ni."

"Ni biyu na gani. Kuma wanda ya taɓa shi zai ja, shi zai ɗauka. Na daman bai yi min laifin komai ba." Ta gyara tawul ɗinta. "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Argemiro, wuce mu tafi, warin kashin kaji ya ishe ni."

Bayan sun fita Herminda ta rasa inda za ta sa kanta. Ta durƙusa kusa da kujerarsa ta ce ya yi haƙuri, laifinta ne, motar safe tana tashi kafin a fara jan taru, ba wanda zai gan su.

Ya dube ta kamar ta zage shi. "In gudu? Su ce direban Sogamoso ya tsiyata gari ya sulale? Mayar da kayan nan, Minda. Wannan matar ba ta san ni ba."

Da la'asar ta leƙa ta taga. Yana tsaye a jikin igiyar shanya, ya jingina sandar da bango, yana ɗaukar hannun hagu da na dama yana ɗora shi a kan igiyar. Yatsun su zame, ya zage su, ya sake ɗorawa. Ƙafarta ta so fita, ta hana ta. Ta koma ta zauna a bakin gado tana murza carbinta, tana jin zaginsa ta bango, kuma Allah ya sani tun da ta aure shi zagi bai taɓa yi mata daɗi haka ba.

Gari ya waye ruwa kwance lumui. Duk wanda ke da ƙafa ya fito, har mai abinci da limamin coci cikin gajeren wando. Argemiro ya karɓi sandar ya kafa ta a yashi, ya tura Don Parmenio cikin layi tsakanin wata mai goyo da wani tsoho mara haƙori. Ba wanda ya ce masa sannu.

"Ɗan tudu, ja mana! Gaisawa kake yi da igiyar?"

"Kwanta da baya, Baba, ba sitiyari ba ne!"

"Wa ya ce ka zo da safa? Ɗaurin aure aka gayyace ka?"

Hannun ya zame. Ya mayar da shi. Ya sake zamewa, ya ɗora na dama a kai ya danne. Herminda na bin gefensa hannuwa a buɗe kamar mai jiran ɗan tatata, da ya yi tangaɗi sai ta kai hannu ƙugunsa. Mai goyon nan ta waiwayo ta ce, "Doña, nan ba a rakiya. Ko ki kama igiya ko ki ba mu wuri." Herminda ta dubi mijinta, ta dubi igiyar, ta tuɓe takalmi ta kama. Nauyin ya ba ta mamaki. Nan take ta ga ta kanta, tafin hannunta na zafi, ƙafafunta na nutsewa, ba ta da sauran hannun tallafar kowa. Sai numfashinsa take ji a gabanta, da ƙeyarsa da ta jiƙe sharkaf. Da ya kai ƙarshen layi ta zaci zai zauna. Sai ta ga ya saki, ya ɗingisa ya koma gaba ba sanda, ya sake kamawa.

Tarun ya matso, ruwa ya fara tafasa a cikinsa, tsuntsayen kwasakwasa suka sauko suna shawagi. Bai cika ba. Rabi ne, ko ƙasa da rabi, yawanci ƙanana, da 'yan manya jefi-jefi suna dukan yashi da wutsiya. Amma kifi ne, kuma ihun da aka yi sai ka ce jirgi aka kamo. Niña Dominga ta zagaya tsibin tana taɓe baki. Ta ce, "Gishirin ya fara fita. Bai gama ba."

Ta yi rabo. Ta zuba wa Herminda ƙanana a cikin siket, ita kuma ta tattare bakinsa da hannu biyu. Sannan ta ɗago wani matsakaici mai santsi ta miƙa wa Don Parmenio. Ya zaro sandarsa da dama. Ya miƙa hagun, tafin ya yi ja, igiya ta saɓule masa fata. Argemiro ya nuna masa da nasa hannun yadda ake zura yatsu ta kunnen kifi, bai taɓa shi ba. Yatsun suka shiga, suka lanƙwashe.

Hanyar ɗakinsu ɗaya ce, ta tsakiyar gari, kuma kowa ya koma ƙofar gidansa yana fere kifi. Sun kai daidai coci kifin ya suɓuce ya faɗi tim a ƙasa. Herminda ta zabura, sai ta tuna in ta saki siket nata za su zube. Ta tsaya. Karen nan na tsakiyar hanya ya tashi ya miƙe, ya nufo su yana kaɗa wutsiya.

Daga wata ƙofa aka ce, "In kare ya riga ka, gobe daga farko za a sake!"

Don Parmenio ya daka wa karen tsawa irin wadda yake yi wa kwandasta. Ya dogara da sandar, ya sunkuya a hankali, gwiwarsa na ƙara. Ya lalubi kunnen kifin, ya kuskure, ya sake laluba. Ba wanda ya motsa daga inda yake, wuƙaƙe ma ba su daina aiki ba. Ya miƙe da kifinsa, duk ya yi buɗu-buɗu da yashi.

Tsohon nan mara haƙori yana zaune a dakalinsa. Ya ce, "Ɗan tudu, mu ga abin da ta ba ka."

Dama na kan sanda. Don Parmenio ya cije leɓe, ya ɗaga hagun, ya wuce ƙugu, ya wuce ƙirji, ya kai shi har kafaɗa, kifin na lilo.

"Ka gani ko? Dubi abin da ta ba ni, ka dubi na ɗanta. Ni na fi kowa shan wuya a igiyar nan. Wannan mata macuciya ce, gobe sai ta gaya min da wane mudu take awo."

Tsohon ya ce, "Gaya mata dai, mu mun gaji."

Herminda ta ji wani farin ciki ya taso mata, irin wanda ta fid da ran sake ji. Hawaye suka zubo, ba hannun sharewa, ta bar su suna gangara cikin kifin da ke siket ɗinta.

Don Parmenio ya waiwayo, hannun har yanzu a sama. "Minda, tsayuwar me kike yi? Wuce gaba ki buɗe ƙofa, ba ki ga hannuwana duk a cike suke ba?"